"Anya Kuwa?": Kalmar Da Ke Gadin Jari A Birnin Lalle Da Kasuwannin Kewaye

A cikin kayan aikin ɗan kasuwa, tun daga tiya da mudu da sikeli har zuwa lalitar da ake ɗaurawa a ƙugu, akwai guda ɗaya da ba a saye da kuɗi, ba ya tsatsa, ɓarawo kuma ba ya iya sace shi. Wata 'yar kalma ce mai harufa huɗu, wato "anya". Duk wanda ya taɓa zama a rumfa, da duk wadda ta taɓa kasa kaya a faifai, sun san ta, sun faɗe ta, an kuma faɗa musu ita. Sai dai da yake kullum tana bakinmu kamar goro, ba kasafai muke tsayawa mu duba abin da take nufi ba, ko inda ya dace a ajiye ta, ko inda faɗinta ke zama ɓarna. Alhali kuwa akwai matan da jarinsu ya karye don sun ji nauyin furta ta, akwai kuma waɗanda aka kashe wa kasuwa don wani ya furta ta a kansu a bayan idonsu.

Birnin Lalle, da ke ƙasar Dakoro a Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wuri ne da ya dace a saurari wannan kalma, domin shi kansa garin abin "anya" ne ga baƙo. In ka gaya wa wanda bai san tarihi ba cewa nan ne ɗaya daga cikin tsofaffin hedikwatocin Gobir, zai dubi garin ya dube ka, ya ce, "Anya kuwa?" Amma haka abin yake. Bayan Gobirawa sun baro Azbin sun yo kudu, sun kafa mulki a Birnin Lalle kafin su ci gaba da tafiya har su kai ga Alƙalawa, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta a cikinsa, wanda aka ci da yaƙi a 1808, daga baya kuma suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a 1836. Wannan duk masana tarihi sun yarda da shi. Inda su ma suke cewa "anya" shi ne labarin da ke cewa asalin Gobirawa daga Misira ne ko daga ƙasar Larabawa. Ba su ce wa tsofaffi ƙarya suke yi ba, hujja kawai suke nema, kuma wannan shi ne ainihin aikin kalmar.

Yankin yana kusa da kwarin Tarka, inda gonaki ke fara ƙarewa, makiyaya ta soma. Saboda haka kasuwannin ƙasar Dakoro mahaɗa ce: manomi ya kawo gero da wake, Bafillace da Buzu su kawo bisashe da nono, ɗan kasuwa ya taso daga Maraɗi, wani ma daga Jibiya ko Katsina. Mutane ne da yawancinsu ba su san iyayen juna ba, wasu ma Hausar ba ita suka sha a nono ba, amma dole su yi ciniki su rabu lafiya, su kuma sake haɗuwa kasuwa mai zuwa. A irin wannan wuri ba ka iya yarda da kowa ido rufe, ba ka kuma iya ƙaryata kowa bainar jama'a. Tsakanin waɗannan biyun ne "anya" ta yi gida.

To mene ne ma'anarta? Kalma ce ta nuna shakka, haka ƙamus-ƙamus na Hausa suka kawo ta tun daga na Bargery da aka buga a 1934. Amma ta bambanta da 'yan'uwanta. Shakka da waswasi, waɗanda muka aro daga Larabci, da kokwanto da tantama da tababa, duk sunaye ne na abin da ke cikin zuciya. Za ka ce "ina shakka" ko "babu tantama". Ita "anya" ba sunan shakka ba ce, ita ce shakkar da kanta lokacin da ta fito baki. Shi ya sa ba ta zama a tsakiyar magana, a gaba take tsayawa, abin da ya biyo ta kuma ya zo da siffar tambaya: "Anya zai zo?" "Anya tiyar nan ta cika?" In aka ƙara mata "kuwa" sai ta ƙara nauyi. In aka ja ƙarshenta, aka ce "anyaaa", aka riƙe haɓa, to mai faɗin ya kusa yanke hukunci, kara kawai yake yi maka. Mutanen Gobir da Katsinar Maraɗi, da suke mai da "fa" ta koma "hwa", a bakinsu za ka ji "anya hwa".

Ba ɗaya take da "wai" ba. Mai cewa "wai gero zai tashi" ya tsame kansa ne, ji ya yi ya faɗa, kada a kama shi. Ba ɗaya take da "ƙila" ko "halama" ba, domin su waɗannan sun fi karkata ga abin zai yiwu. "Anya" ta fi karkata ga ba zai yiwu ba, sai dai ta bar ƙofa a buɗe. In ta ƙara tsauri ta zama "da wuya", daga nan sai "ina!", wadda ta rufe ƙofar, daga ita kuma sai "ƙarya ne", wadda ba rufe ƙofa kaɗai ta yi ba, ɓalle ta ta yi.

Abin Da Take Yi A Bakin Buhu

Ɗauki misalin mai tuwo-tuwo ko mai fura da ta zo sayen hatsi. Mai hatsi ta ce geron bana ne. Mai saye ta ɗebo a tafin hannu ta ga kalarsa ta ɗan dushe, sai ta ce, "Hajiya, anya na bana ne wannan kuwa?" In Hajiya mai gaskiya ce ba za ta ji zafi ba, cewa za ta yi, "Zura hannu har ƙasa ki ɗebo, ki sansana." Magana ta ƙare. In kuwa an haɗa sabo da tsoho ne, an ba Hajiya hanyar fita ba tare da ta ji kunya ba: "Au, bari in duba, ƙila yaron nan ya haɗa mini buhuna." Kowa ya san ba yaron ba ne, amma an rufa wa juna asiri, an sauko da farashi, ciniki ya faɗa. Yanzu a ce mai sayen cewa ta yi, "Ƙarya kike yi, tsohon gero ne." Ko da gaskiya ta faɗa, an bar maganar gero an koma maganar mutunci. Hajiya za ta rantse, maƙwabtan rumfa su taru, ƙila sai an kai ga sarkin kasuwa, furar yau kuma ba za a dama ta ba.

Ba ƙaramin kuɗi ake magana a kai ba. Tiyar gero ta kai kusan kilo biyu da rabi, tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. In an bubbuga gindin tiya ya shige ciki, ko an aske bakinta, har ta rage ɗan abin da bai fi cikin tafi ba a kowane awo, kafin a cika buhu an ci tiya guda ko fiye. Mai sayar da abinci da ke cin buhu a mako, ribarta ke nan ta tafi tun kafin ta hura wuta. Shi ya sa ƙwararrun mata ke zuwa da tiyarsu daga gida, su kuma ce, "Anya tawa da taki ɗaya ne? Mu gwada mu gani." Haka abin yake ga man gyaɗa da aka yi wa algus, da nonon da ya sha ruwa, da buhun wake da aka yi wa ado a sama aka zuba tsakuwa a ƙasa, da atamfar da ake rantsuwa ba ta zuba.

A kara, wato kasuwar dabbobi, abin ya fi haka. Dillali zai ce maka tunkiyar nan haihuwarta ɗaya. Ba za ka ƙaryata shi ba, gobe ma shi za ka nema. Cewa za ka yi, "Anya, Malam?" kana buɗe bakinta kana duba haƙora, domin haƙori ba ya karɓar la'ada. Za ka dafa cikin sa ka ji ko ƙiba ce ko kuwa kanwa aka ba shi ya sha ruwa ya kumbura. Akwai kuma babbar "anya" ta kara, wadda ta fi kowace: dabba mai kyau, farashi ƙasa da rabin na kasuwa, mai ita yana waige-waige yana gaggawa. Nan ba maganar riba ake yi ba, maganar ɗauri ce, domin wanda aka kama da kayan sata shi zai fara kwana a hannun jandarma kafin a nemo wanda ya sayar masa. Amfanin dillalin da aka sani ke nan, kuma hakkin la'adarsa ke nan: shi ne zai tsaya ya ce ya san mai dabbar, ya san rugarsu. Wanda ya kewaye dillali don ya tsira da 'yar la'ada ya yi cinikin biri a sama.

Sai dai ba kowa ake ce wa "anya" kai tsaye ba. Yarinya ba ta duban uwar mijinta ta ce, "Anya, Inna?" Yaron shago ba ya ce wa maigidansa haka a gaban baƙi. Hausawa sun samo wa abin dabara: sai ka juyo da shakkar kanka. Maimakon "Anya lissafin nan daidai ne, Alhaji?" sai yaro ya ce, "Ranka ya daɗe, anya na ƙirga daidai kuwa? Ni jaka goma sha takwas na samu, a sake dubawa." Alhaji ya gane, ya sake ƙirgawa, ba wanda aka ci wa fuska. Ita kuwa suruka sai ta ce, "To Inna, Allah ya sa haka," ta ɗan ja "to" ɗin, Inna kuma ta ji saƙon. Waɗanda kawai aka ɗauke wa wannan wahala su ne abokan wasa. Bagobiri da Bazabarme, ko Bagobiri da Bayarabe, suna iya ce wa juna maƙaryaci da rana tsaka a tsakiyar kasuwa a yi dariya, cinikin ma ya fi saurin faɗawa. Ba banza ba hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2014.

Inda Kunya Ke Cin Jari

Yanzu mu zo ga inda ciwon yake. Baƙo ba shi ne ke karya jarin mace ba, domin baƙo ana ce masa "anya" ba a ji komai ba. Na gida ne. Ƙanen miji ya zo ya ɗauki tiya biyar "zuwa kasuwa mai zuwa". Ƙawar amarya ta ɗauki turmin atamfa "in an yi albashi". Maƙwabciya ta aiko yaro da kwano kullum, "ta ce a rubuta", alhali ba a rubuta komai. Mai kayan ta ji "anya" ta taso mata tun daga ciki, ta zo maƙogwaro, sai ta haɗiye ta, don kada a ce ba ta da kara, kada a ce kuɗi sun fi mata zumunci. Bayan wata uku faifai ya koma rabi, bayan shida ta daina fitowa, in an tambaya a ce "kasuwa ce ba ta yi". Kasuwa ta yi. Bashi ne ya cinye uwar kuɗin.

Dillaliya ta fi kowa shiga wannan tarko, da yake kayan da take yawo da su gida-gida ba nata ba ne. In ta bayar bashi aka ƙi biya, ita mai kaya za ta riƙe. Ga ta tsakanin wadda ta ba ta amana da wadda ta ci amanarta, kuma dukkansu za ta haɗu da su a gidan suna.

Abin da ya kamata a gane shi ne, "anya" a kan bashi ba zagi ba ce. Ba cewa aka yi mutum ɓarawo ne ba, tambaya ake yi ko halinsa na yau zai ba shi ikon biya. Mutumin kirki ma damina na iya karya shi. Akwai yadda ake faɗinta ba a ɓata ba: "Yaya, anya za ka samu zuwa Juma'a kuwa? Ka san kuɗin mutane ne, ni ma ranar zan kai." Kin ba shi dama ya faɗi gaskiyar ranar da zai iya, kin kuma sanar da shi cewa akwai mai jiran kuɗin a bayanki. Wanda ya yi fushi don wannan, da ma ba mai biya ba ne, kuma Hausawa sun riga sun ce kunyar marar kunya asara ce. Mu tuna kuma cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin, ba ga waɗanda ake tuhuma ba.

Matan Jihar Maraɗi sun taɓa nuna wa duniya yadda ake wannan. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a wannan jiha, aka gina shi kan adashin da mata suka saba. Mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanka, a ba mai bukata rance ta juya ta dawo da shi da ɗan abin da aka amince, ƙarshen zango a fasa asusu a raba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta. Abin lura a nan shi ne akwatin kuɗin kamar yadda aka san shi a wannan tsari: kwaɗo uku ne a jikinsa, mabuɗan na hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana kwana ɗakin wata ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Wannan "anya" ce aka ƙera da ƙarfe. Ba wadda ta ce ma'ajiya ɓarauniya ce, an dai ɗauke mata nauyin zargi, an ɗauke wa sauran nauyin tambaya. Adashin unguwa da ke watsewa da kuka, in ka bincika, yawanci mace ɗaya ce ke riƙe da kuɗi da lissafi duka, sauran kuma suna jin nauyin cewa a nuna musu.

Akwai wata "anya" kuma da ba ta gadin komai sai ɓarna. Ku lura da abin da ke faruwa in aka sa mata "ba". "Anya zai biya?" shakka ce. Amma "Anya ba ita ta ɗauka ba?" ba shakka ba ce, zargi ne ya yafa mayafin tambaya. Ta farko tana cewa ban tabbata ba, ta biyu tana cewa na kusa tabbata, ku ma ku taya ni. Kuma da wuya ka ji an faɗe ta a gaban wadda ake nufi. A bakin rijiya ake faɗinta, ko a bayan motar kasuwa: "Anya mai ƙosan nan ba da mataccen mai take suya ba?" "Anya kuɗin Hajiya wance na atamfa ne kaɗai?" Mai faɗin ba ta rantse ba, ba ta kawo shaida ba, in an kama ta ta ce ai tambaya kawai ta yi. Amma kafin kasuwa ta zagayo, "anya" ta zama "wai", "wai" ta zama "an ce", masu saye sun koma rumfar gaba. Macen da ta fita neman na kanta, musamman bazawara ko wadda mijinta ya tafi ci-rani, ita ta fi shan wannan dafi, kuma ba ta da kotun da za ta kai ƙara, tunda ba a ce komai ba. A ganina wannan ta fi ƙarya muni, domin mai ƙarya ya ɗauki nauyin maganarsa, ana iya tsare shi ya maimaita. In kina da shakka a kan man ƙosai, je ki gaban kaskon ki tambaya, ko ki daina saye ki yi shiru.

Ba za a haɗa wannan da "Anya lafiya?" ba. In maƙwabciyar rumfa ta yi kasuwa biyu ba ta fito ba aka ce, "Anya lafiya kuwa?" wannan kulawa ce, kuma cikarta a tura yaro ya dubo.

Ranar Da Kuɗi Suka Zama Abin Shakka

Tsofaffin 'yan kasuwa ba su manta da Janairun 1994 ba. An daɗe ana raɗe-raɗin za a karya darajar sefa, hukumomi suna musantawa. Ranar 11 ga wata aka sanar a Dakar, washegari kuma faran guda na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Wanda ya ji musun hukuma ya ce "anya" ya mai da kuɗinsa kaya, ya tsira. Wanda ya ji raɗe-raɗin ya ce "anya" ya rungume takardunsa, ya wayi gari abin da zai saya da su na kayan waje ya ragu ƙwarai. Kalma ɗaya suka faɗa, inda kowa ya ajiye ta ne ya bambanta.

An sake ganin irin haka da Naira, wadda ke yawo a kasuwannin Jihar Maraɗi saboda hulɗa da Nijeriya. A Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairun 2023 ranar daina karɓar tsofaffi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutumin ƙauye da ba shi da asusun banki, balle wanda ke tsallaken iyaka, ya rasa inda zai kai nasa, wasu suka rabu da su a wulaƙance. Sai ga Kotun Ƙoli ranar 3 ga Maris 2023 ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, a Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin baki ɗaya. Waɗanda suka sayi tsofaffin kuɗi da araha a hannun masu firgici su suka ci riba. Ba wanda zai ce ya san haka za ta kasance, "anya" ba duba ba ce. Abin da take saya maka kawai shi ne ɗan lokaci, kwana ɗaya ko biyu na tambaya kafin ka saki abin da ke hannunka.

Inda kuwa ba a bukatar dogon tunani shi ne wurin masu ninka kuɗi. MMM ta yi wa 'yan Nijeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025. Mai sayar da daddawa ta san abin da jaka goma ke haifarwa a wata in an sha rana an sha ƙura. Duk wanda ya ce zai ba ta ninki tana kwance a ɗaki, sana'ar da ta fi tata yake da ita, ko kuwa kuɗin wadda ta shigo bayanta zai ba ta? Abin takaici, da yawa sun ji "anya" a ransu, sai dai wanda ya kawo musu maganar ɗan'uwa ne, ya kuma nuna musu nasa ribar ta fari. Mun koma kan kunya ke nan.

Amma kada a ɗauka duk mai cewa "anya" mai wayo ne. Ƙasar Dakoro ta ga ranar da shakka ta kashe. Daminar 2004 ta yanke da wuri, ga fara ta sauka, tun Nuwamban shekarar gwamnatin Nijar ta nemi agajin abinci. Masu bayar da agaji suka yi ta jan ƙafa, sai a tsakiyar 2005 da hotunan yara daga Maraɗi suka fita a talabijin na duniya aka motsa sosai. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wuraren jinyar yara masu tamowa, har da garin Dakoro. A Agustan wannan shekara kuma Shugaba Tandja Mamadou ya ce abin bai kai a kira shi yunwa ba. Hatsi yana nan a kasuwa a lokacin, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, dabbobi kuma suka faɗi warwas, makiyayi ya sayar da bisa da yawa kafin ya sami buhu guda. Wanda ya ce "anya" a kan kukan mai yunwa, ya koma ya zauna bai je ya duba ba, ba taka-tsantsan ya yi ba, hanyar kauce wa nauyi ya samu. Haka yake ko a rumfa: tsohuwar da ta ce jikokinta ba su ci ba tun jiya, in kina shakka gidanta ba nisa.

Yau ciniki da yawa ya koma waya. Ana turo hoton rago daga Dakoro, a yi tayi daga Maraɗi, a aika kuɗi ta gidajen aika kuɗi ko ta banki, mai saye da mai sayarwa ba su ga idon juna ba. Hannun da ke zurawa cikin buhu ba shi da aiki a nan, sai dai a sake masa wata dabara. Saƙon da ke cewa kuɗi sun shiga, a wayarki za ki gan shi, ki kuma duba abin da ke cikin asusun, ba a fuskar wayar mai saye ba, domin ana ƙirƙirar na jabu. Wanda ya bugo ya ce shi ɗan wance ne, uwarsa na asibiti a turo da gaggawa, a kashe a kira lambar wancen da aka sani. Wanda ya ce an yi kuskuren turo miki kuɗi ki mayar, ki je wurin wakilin kamfanin ya duba tukuna. Macuci ya fi tsoron minti biyar na bincike fiye da zagi, shi ya sa kullum maganarsa "yanzu-yanzu".

Ku kuma masu kaya, in mai saye ta ce muku "anya", ba abin ɓata rai ba ne, ba kuma lokacin rantsuwa ba ne, don yawan rantsuwa ƙara mata shakka yake yi. A zazzage buhun a tabarma, a miƙa mata tiyar ta auna da hannunta, a jiƙa bakin atamfar a ruwa ta gani. Tana tsaye a gabanku har yanzu, da kuɗinta a ƙulle a bakin zane. Wadda ta duba kayan ta yi murmushi ta ce "To, bari in zagayo", ita ma shakkar ce ta kama ta, ba ta dai faɗa ba, kuma a rumfar gaba za ta kwance kuɗinta.